Lambobi arba'in a warwatse: yadda ake jera su rukuni-rukuni a teburi, da abin da ke salwanta wajen jerawar

Duk shekara in WAEC da NECO suka matso sai yara sun zo min da tambayar nan, wai Malam ya ake haɗa teburin nan na firikwensi, wato teburin da ke nuna sau nawa kowace lamba ko rukunin lambobi suka fito, wanda za a zazzago maka lambobi kamar an kwance bakin buhun gero a ce ka tsara su. Kuma ba 'yan sakandare kaɗai ba, har masu rubuta furojet a jami'a da kwalejin ilimi, mutum ya raba takardun tambayoyi ɗari biyu ya tattaro, sai ya zauna yana kallonsu bai san ta ina zai kama ba. Toh bari mu warware shi yau, amma ba irin na haddar nan ba da ake cewa mataki na ɗaya mataki na biyu a wuce, don matsalar da nake gani ita ce an koya wa mutane abin kamar injin niƙa ne, ka zuba ta nan ya fito ta can, alhali rabin aikin shawara ce kai za ka yanke da kanka.

Mu ɗauka malami ne ya yi wa ɗalibai 40 gwaji, maki bisa 100. Lambobin nan ni na shirya su don misali kawai. Ga su yadda ya kwafo daga takardu, ba tsari ba komai:

54, 38, 62, 47, 71, 50, 23, 65, 43, 57
49, 82, 36, 55, 68, 41, 59, 31, 75, 52
60, 45, 87, 50, 39, 64, 48, 56, 73, 28
44, 58, 34, 67, 51, 78, 40, 63, 49, 53

Wannan shi ake kira ɗanyen bayani, wato ba a taɓa shi ba. Yanzu a ce firinsifal ya leƙo ya ce Malam ya yaran suka yi, me za ka ce masa? Sai dai ka ce toh Alhamdulillahi wasu sun yi ƙoƙari wasu kuma sai a hankali, wanda ba amsa ba ce. Kuma ko ka ce bari ka ƙirga kowane maki sau nawa ya fito ba abin da zai ƙara maka, don in ka duba da kyau 49 da 50 ne kaɗai suka fito sau biyu-biyu, sauran duk sau ɗai-ɗai ne, kaga za ka ƙare da teburi mai layi 38 wanda tsawonsa ɗaya da abin da kake gudu. Dalilin da ya sa ake tara su rukuni-rukuni kenan. A littafin makaranta kalmar da suke amfani da ita tana nufin aji ne, amma ni zan riƙa cewa rukuni don kar mu rikice da ajin ɗalibai.

Abu na farko ka nemo babba da ƙarami. Babban maki 87, ƙarami 23, tazarar da ke tsakaninsu 64. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai ka duba sau biyu, don in ido ya tsallake 87 ka ɗauka 82 ne babba to ka gina gida ba ɗakin mutum ɗaya.

Sai tambayar da ta fi cin rai, rukuni nawa za a yi? A nan ne ake kawo dabarar wani Ba'amurke Herbert Sturges wadda ya wallafa a 1926, cewa ka ɗauki log na yawan bayananka, wato abin da maɓallin log na kalkuleta zai ba ka, ka ninka da 3.322 ka ƙara 1. Mu namu 40 ne, log na 40 ya kama 1.602, in ka ninka ka ƙara ɗaya za ka samu wajen 6.3. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, tushen murabba'i kawai suke ɗauka, wato lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 40, shi ma 6.3 ɗin ya bayar, amma dacewa ce kawai aka yi a nan, in bayanan suka yi yawa hanyoyin biyu rabuwa suke yi sosai. Toh ba a yin rukuni shida da ɗigo uku, ko 6 ko 7. Kuma dan Allah a daina ɗaukar lissafin Sturges kamar wahayi. Mutumin ya gina shi ne bisa zaton cewa bayanan suna da siffar tudu, tsakiya ta yi tozo gefe da gefe su gangara daidai, kuma in bayanai suka yi yawa rowar rukuni yake yi, ko mutum miliyan ɗaya ka ba shi rukuni 21 kacal zai ce ka yi. Shi ya sa daga baya masana suka fito da wasu hanyoyin, kamar ta Scott a 1979 da ta Freedman da Diaconis a 1981, waɗanda su faɗin rukuni suke fara nema ta la'akari da yadda lambobin suka bazu. Ga mai aiki da biro da takarda dai, abin da aka saba shi ne kar ka gaza rukuni 5 kar kuma ka haura 15 ko 20.

Mu ɗauki 7. Faɗin kowane rukuni sai ka raba 64 gida 7, ya ba ka 9.14. Nan ne wajen da yara suka fi faɗawa rami, sai su ce ai 9.14 ya fi kusa da 9, su mayar da shi 9 kamar yadda aka koya musu tun firamare. Gwada ka gani. Ka fara daga 23 da faɗin 9, rukunin farko 23 zuwa 31, na biyu 32 zuwa 40, haka haka har na bakwai ya tsaya a 77 zuwa 85. Ina mai 87 zai zauna? Yaron da ya fi kowa ƙoƙari shi ka bari a waje. Don haka kullum sama ake turawa ba ƙasa ba, 9.14 ya koma 10. Kuma 10 ta yi daɗi, kowa na iya karanta ta. Da 6 muka ɗauka da faɗin ya zama 11, ka samu su 23 zuwa 33, 34 zuwa 44, lissafi dai bai ɓaci ba amma wa zai so karanta wannan fisabilillahi.

Haka wajen farawa, ba dole sai daga 23 ba, sharaɗin kawai rukunin farko ya haɗiye ƙaramar lamba. Sai mu fara daga 20.

Yanzu sai ƙirga, kuma shawarata kar ka ɗauki rukuni ɗaya ka shiga farautar 'ya'yansa cikin lambobin, wato ka ce bari in nemo duk 'yan hamsin da wani abu, wallahi sai ka tsallake wani. Bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, 54 ka ja zane a gaban rukuninsa ka soke shi, 38 ka ja zane ka soke, har ka kai ƙarshe. Zane huɗu a tsaye na biyar ya gitta su, dami guda kenan. Ba wani sabon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida da zanen gawayi a bango suke riƙe lissafin bashi da zubin adashe, kuma ba a cin su ko sisi. Ga abin da ya fito:

20 – 29 : 2
30 – 39 : 5
40 – 49 : 9
50 – 59 : 11
60 – 69 : 7
70 – 79 : 4
80 – 89 : 2

Kafin ka yi murna tara su tukuna. 2 da 5 bakwai, da 9 sha shida, da 11 ashirin da bakwai, da 7 talatin da huɗu, da 4 talatin da takwas, da 2 arba'in. Ya cika. In ka samu 39 ko 41 kar ka yi ƙoƙarin cusa ɗaya a inda ka ga dama don lissafi ya daidaita, na san ana yi, koma ka sake bi. Kuma wannan tarawar da muka yi a jere, 2, 7, 16, 27, 34, 38, 40, ba a banza take ba, ita ce ake sa wa layi na musamman a teburi a kira ta tarin firikwensi, ita ke gaya maka mutum nawa ne ke ƙasa da wani maki. Kallo ɗaya za ka ce wa firinsifal yara 16 ba su kai 50 ba, 24 sun kai, wato kashi 60 cikin 100 sun haye, kuma taron ya fi yawa a 'yan hamsin. Kaga yanzu akwai magana a bakinka.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a furojet, mutum ya rubuta 20 – 30, 30 – 40, 40 – 50. Toh mai 40 cif ina za shi, sama ko ƙasa? A lambobinmu akwai 40 akwai 50 har biyu akwai 60, kowanne yana da gida biyu kenan, kuma in mutum biyu suka yi ƙirgar kowa teburinsa daban zai fito. In dole sai ka rubuta haka to ka faɗa a fili cewa 30 zuwa ƙasa da 40 kake nufi. Masu aiki da Excel ma su lura, umarnin FREQUENCY lambar da ka ba shi a matsayin iyaka yana haɗa ta ne da rukunin ƙasa, wato in ka rubuta 40 to mai 40 yana cikin waɗanda ba su wuce 40 ba, don haka irin teburinmu 29, 39, 49 za ka ba shi.

Sai maganar iyakoki na gaskiya, su 19.5 da 29.5 da 39.5 ɗin nan da ke ɗaure wa yara kai, suna cewa Malam ai ba wanda ya ci 29.5 daga ina ta fito. Tsakanin 29 da 30 akwai rata, a maki ba ta da illa tunda ba a ba da rabin maki, amma ka ɗauka nauyin buhuna kake aunawa a sikeli, wani ya zo kilo 49.7, rukuni ɗaya ya ƙare a 49 ɗaya ya fara a 50, shi kuma yana tsakiya a rataye. Sai aka raba ratar biyu, rabi na ƙasa rabi na sama, rukunin 40 – 49 ya zama daga 39.5 zuwa 49.5, na gaba ya ɗauka daga nan zuwa 59.5, mai 49.7 ya samu gida. Da waɗannan iyakokin ake zana histogiram, wato zanen sanduna da ke nuna yawan kowane rukuni, shi ya sa sandunansa suke manne da juna ba rata, kuma da su ake gane faɗin rukuni na gaskiya. Yaro zai ce faɗin 20 – 29 tara ne don ya cire 20 daga 29, a'a goma ne, 29.5 a cire 19.5, ko ka ƙirga da yatsu daga 20 zuwa 29 ka ga lamba nawa ne. Sunan histogiram ɗin ma Karl Pearson ne na Ingila ya raɗa shi a shekarun 1890.

Amma shekaru su nasu daban ne, kuma ba kowane malami ke faɗa ba. In ka ga teburin ƙidaya an rubuta 0 – 4, 5 – 9, 10 – 14, iyakar rukunin farko ba 4.5 ba ce, 5 ce cif, don yaro mai shekara huɗu da wata goma sha ɗaya har yanzu ɗan shekara huɗu ake ce masa, ba a tura shekaru sama sai ranar ta zagayo.

Toh yanzu ga inda nake so a tsaya a yi tunani. Daga lokacin da ka zuba lambobin nan a rukuni ka sayar da wani abu ka sayi wani. Ka sayi siffa, kana ganin inda taro yake da inda ya yi ƙaranci. Abin da ka sayar kuwa su ne lambobin kansu. Teburin ya ce mutum biyu ne a 80 – 89, bai san 82 da 87 ba ne, ko 80 da 80 ne ko 89 da 89 shi duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa in za a nemi matsakaicin maki daga teburi sai a yi wata dabara, a ɗauka kowa a rukuni yana zaune ne a tsakiyarsa. Tsakiyar 20 – 29 ita ce 24.5, ta gaba 34.5, haka har 84.5. Ka ninka kowace tsakiya da yawan mutanenta, 24.5 sau 2 ya ba da 49, 34.5 sau 5 ya ba da 172.5, in ka bi duka ka tara za ka samu 2140, a raba wa mutum 40 ya kama 53.5. In kuma ka koma ɗanyen lambobin ka tara su da gaske 2145 ne, matsakaici 53.625. Kaga bambancin ɗan kaɗan ne, don kuskuren wani rukuni yana cinye na wani, amma dai ƙiyasi ne ba ainihi ba. Haka makin tsakiya, wato na wanda ke tsakiyar layi in an jera su daga ƙarami zuwa babba, teburi zai ba ka wajen 53.1, na gaskiya kuwa 52.5 ne, tsakanin mutum na 20 mai 52 da na 21 mai 53. Shi ya sa nake mamakin mai furojet da ke da ɗanyen bayanansa a kwamfuta amma ya je yana lissafin matsakaici daga teburin rukuni. Wannan dabarar ta zamanin da ake yi da hannu ce, ko kuma in teburin kawai aka ba ka ba ka da asalin lambobin.

Kuma wajen da ka fara yana iya canza labarin gaba ɗaya. Lambobin nan dai, faɗin nan dai na 10, amma mu fara daga 15: 15 – 24 mutum 1, 25 – 34 mutum 3, 35 – 44 mutum 7, 45 – 54 mutum 11, 55 – 64 mutum 9, 65 – 74 mutum 5, 75 – 84 mutum 3, 85 – 94 mutum 1. Duka 40, ba kuskure ko ɗaya. Amma yanzu rukunin da ya fi taro ya koma 45 – 54, kuma in firinsifal ya tambayi mutum nawa suka kai 50 tambayar ba ta amsuwa, don ka cakuɗa mai 49 da mai 50 a ɗaki ɗaya. Don haka in akwai wata iyaka da ke da muhimmanci a aikinka, to ka sa bakin rukuni ya faɗa kanta daidai. Ma'aikaciyar asibiti da ke tsara nauyin jarirai dole rukuninta ya rabu a kilo 2.5, tunda ƙasa da haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira ƙarancin nauyin haihuwa, in ta yi rukunin 2.0 zuwa 2.9 ta binne abin da ake nema, ko Sturges ya ce mata daidai ne.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne rukunan da faɗinsu ba ɗaya ba. Ɗauki ma'aunin nan da makarantun sakandare suka saba da shi, A1 daga 75 zuwa 100, B2 70 zuwa 74, B3 65 zuwa 69, C4 60 zuwa 64, C5 55 zuwa 59, C6 50 zuwa 54, D7 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, F9 daga 39 zuwa ƙasa. In muka zuba yaranmu a ciki F9 za ta kwashi 7, E8 4, D7 5, C6 6, C5 5, C4 4, B3 3, B2 2, A1 4. Wanda ya kalli wannan sai ya ce innalillahi F9 ta fi kowane rukuni yawa, yaran nan ba sa ja. Alhali ɗakin F9 faɗinsa maki 40 ne, na C6 kuwa 5 kacal, kamar ka kwatanta yawan mutanen da ke filin idi da na cikin shago ne ka ce filin ya fi cunkoso. Gyaran shi ne ka raba yawan da faɗin, 7 a raba 40 ya ba da 0.175, 6 a raba 5 ya ba da 1.2, kaga cunkoson gaske yana C6. In za ka zana histogiram na irin wannan teburin da wannan sakamakon rabawar ake auna tsawon sanda, ba da ɗanyen yawan ba, don a histogiram girman filin sanda ne ke magana ba tsayinta kaɗai ba.

Wani lokacin kuma tarawar rufin asiri take yi. A ƙidayar jama'a irin ta 2006 da ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya, da ma ƙasashe da dama inda ba kowa ke da takardar haihuwa ba, in ka tambayi dattijo shekarunsa zai ce maka arba'in ko hamsin ko sittin, da wuya ka ji ya ce 47 ko 53. Sai lambobin da ke ƙarewa da 0 da 5 su kumbura, na kusa da su su rame. Masana ƙidaya har ma'auni suke da shi na wannan, ma'aunin Whipple, wanda ke duba masu shekara 23 zuwa 62, in ya ba da 100 ba kumburi, in ya kai 500 to kowa da kowa a 0 ko 5 ya tsaya. In aka tara shekarun biyar-biyar kowane rukuni yana samun lamba ɗaya mai kumburi, sai teburin ya fito sumul kamar ba komai. Ta wani ɓangaren ya taimaka, ta wani ɓangaren kuma mai shekara 38 da ya ce 40 ya riga ya tsallaka daga 35 – 39 zuwa 40 – 44 kuma ba wanda zai gane daga teburin. Shi ya sa ni in ɗalibi ya kawo min teburin shekaru a furojet nakan ce ya nuna min ɗanyen lambobin tukuna, in ƙirga nawa ne suka ƙare da sifili.

Ga 'yan jarrabawa kuma, sau da yawa tambayar da kanta take ba ka rukunan farko, a ce yi amfani da 20 – 29, 30 – 39 ka ci gaba, toh a nan ba ruwanka da Sturges, bi abin da aka ce. In rukuni ya zo ba kowa a ciki kar ka goge shi, rubuta 0 ka wuce, don ramin ma labari ne. Kuma in za ka zana lanƙwasar tarin firikwensi, wadda ake kira ojib, a kan iyakar sama ta gaskiya ake ɗora ɗigon ba a tsakiyar rukuni ba, wato 2 a kan 29.5, 7 a kan 39.5, 16 a kan 49.5, har 40 a kan 89.5, sannan ka fara layin daga sifili a kan 19.5. Nan ne makin yake zubewa duk shekara.